Abin Da Likita Ke Ji Idan Ya Ɗora Na'ura A Ƙirji

A asibitocin Najeriya, daga na koyarwa har ƙaramin asibitin karkara, ba a raba likita da 'yar na'urar sauraron ƙirji da yake ratayawa a wuya. Marar lafiya kan ga an ɗora masa ita na 'yan daƙiƙu, an ce ya ja numfashi, sannan an cire. Da yawa suna ɗaukar hakan a matsayin al'ada ta kafin rubuta magani. Alhali a cikin waɗannan daƙiƙun ne ake fara gane wasu cututtukan zuciya, tun kafin su kwantar da mutum.

Na'urar ta samo asali ne a 1816, lokacin da wani likitan Faransa, René Laennec, ya naɗe takarda kamar bututu ya ɗora a ƙirjin wata matashiya, domin ya ga bai dace ya manna kunnensa a jikinta ba, kamar yadda likitoci suka saba a lokacin. Sai ya ji bugun zuciyarta fiye da yadda ya taɓa ji. A 1819 ya wallafa littafi kan abin da ya gano.

Zuciya tana da ɗakuna 4 da ƙofofi 4, waɗanda ke buɗewa jini ya wuce, su rufe don kada ya koma baya. Rufewar ƙofofin ce ke haifar da sautin da ake ji. Sauti na farko yana fitowa idan ƙofofi biyu da ke tsakanin ɗakunan sama da na ƙasa suka rufe, a daidai lokacin da zuciya ta fara matsewa. Na biyu kuwa yana zuwa idan ƙofofin manyan hanyoyin jini biyu, mai zuwa huhu da mai zuwa sauran jiki, suka rufe. Kowace ƙofa tana da gurbin da aka fi jin ta, shi ya sa likita ke sauya wa na'urar wuri a ƙirji.

Wani lokaci ana jin ƙarin sauti na uku, wanda ke sa bugun ya yi kama da sukuwar doki. A wurin yara, matasa da masu juna biyu, yakan zama ba wata matsala ba ce. Amma idan an ji shi ga wanda ya manyanta, musamman mai haki da kumburin ƙafa, alama ce da ke nuna zuciya ta fara gazawa. Sauti na huɗu kuma yakan fito idan bangon zuciya ya yi kauri ya sandare, abin da daɗaɗɗen hawan jini ke jawowa.

Sai kuma wani sauti mai kama da huci, wanda ke fitowa idan jini yana kutsawa ta ƙofar da ta tsuke, ko yana komawa baya ta wadda ba ta rufuwa sosai, ko yana ratsa huda da aka haifi jariri da ita. Likitoci suna auna ƙarfinsa daga mataki na 1 zuwa na 6, tsarin da Samuel Levine na Amurka ya fito da shi a 1933. Ba kowane huci ne ciwon zuciya ba. Zazzaɓi, ƙarancin jini da ciwon sikila duk suna iya haifar da shi.

Wannan sauraro ya fi yin rana a kan cututtuka biyu da ke addabar al'ummarmu. Ta farko tana farawa da ciwon makogwaro da wata ƙwayar bakteriya ke jawowa, galibi ga yara 'yan shekara 5 zuwa 15. Idan ba a yi maganinsa ba, bayan mako biyu zuwa uku garkuwar jiki kan juyo ta far wa gaɓoɓi da ƙofofin zuciya. Ciwon gaɓoɓin yakan wuce, taɓon ƙofar ya zauna. Cutar tana hallaka kimanin mutum 300,000 a duniya kowace shekara, kuma a 2018 Babban Taron Lafiya na Duniya ya zartar da ƙuduri a kanta. Yaron da aka ji hucinsa da wuri ana iya kare shi da allurar fenisilin duk mako 3 zuwa 4. Wanda aka makara kuwa, tiyata mai tsada ce ke jiransa.

Ta biyu ita ce gazawar zuciya da ke kama mata a ƙarshen goyon ciki ko cikin watannin jego. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu kan yawanta a arewacin ƙasar nan. Mai jego da ke haki idan ta kwanta, ga tari da kumburin ƙafa, ana iya cewa gajiyar haihuwa ce. Sautin sukuwar doki a ƙirjinta yana iya zama abin da zai sa a tura ta babban asibiti cikin gaggawa.

Sai dai kunne yana da iyaka. Wani bincike da aka wallafa a 2007 kan 'yan makaranta a Mozambik da Kambodiya ya nuna cewa hoton zuciya na eko ya gano masu taɓon ƙofa ninki kusan 10 na waɗanda gwajin likita ya gano. Saboda haka sauraro ba ya maye gurbin hoto, sai dai ya nuna wanda ya kamata a fara yi wa. A inda injin eko da ƙwararrun likitocin zuciya suka taru a manyan birane, ma'aikacin lafiyar da aka horar da kunnensa shi ne mai tsaron ƙofar farko. Abin da ya rage wa iyaye shi ne kada su raina ciwon makogwaron yaro, kuma idan an ce an ji wani sauti a ƙirjinsa, su je a ɗauki hoton ko da yaron yana wasa lafiya lau.