Kowa da Irin Fatarsa: Daga Fadamar Wurno zuwa Bakin Dam ɗin Goronyo

(Kiɗan buɗe shiri, sannan ya lafa)

Shirinmu na musamman yau ya nufi gabashin Sakkwato, ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo. Zancen da muka ɗauko kuwa na fata ne, fatar jikin ɗan Adam: yadda mutum zai gane irin tasa, da abin da take nema a wurinsa.

Akwai dalilin da ya sa muka zaɓi wannan yanki. Wurno, ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, inda kabarinsa yake tun rasuwarsa a 1837, tana zaune ne a saman fadamar gulbin Rima. Rabah, mahaifar Sardauna Ahmadu Bello, tana bakin gulbin Sakkwato. Goronyo kuma ga babban dam ɗin nan da aka kammala a 1984, wanda aka gina don ya riƙe ruwa kubik mita miliyan 942. Wannan ruwa ne ya sa ba a zaman rani a nan: shinkafa, alkama, albasa, tafarnuwa, ga kuma kamun kifi. To ku dubi manomin da ke ban ruwa a watan Janairu. Ƙafarsa cikin laka tun hantsi, bayansa a rana, fuskarsa tana shan iskar hunturu mai ƙura. Mutum ɗaya, amma kowane sashe na jikinsa da abin da yake fama da shi. Idan ya koma gida ya shafa mai iri ɗaya daga goshi har dunduniya, wani wurin zai gode, wani wurin zai yi ƙorafi.

Ku tsaya minti goma gaban teburin mai kayan shafa a kasuwar Acida ko ta Goronyo, ku saurari abin da ake tambaya. "Malam, wanne ne mai sa haske?" "Ba ni irin wanda amaryar gidanmu take shafawa." Da wuya ka ji wadda ta ce fatata bushewa take yi, ko maiƙo ya yi mata yawa, me ya dace da ni? Mun saba raba fata da launi: wannan baƙi ne, wannan wankan tarwaɗa, waccan fara sol. Likitocin fata kuwa da wani ma'auni suke rabawa, wato yawan maiƙon da fata ke fitarwa da kuma yadda take riƙe ruwa. Baƙi wuluk na iya kasancewa mai busasshiyar fata, farar mace kuma fuskarta na iya tsatsafo da maiƙo kafin azahar. Launi bai gaya maka man da za ka saya ba.

Gwajin ba ya cin ko sisi. Da safe ki wanke fuska da sabulu marar zafi, ki tsane da tsumma mai tsabta, kada ki shafa komai, ko hoda. Ki shiga hidimarki a inuwa kamar sa'a guda. Sai ki sami farar takarda mai laushi, irin ta goge hannu, ki ɗan danna a goshi, da karan hanci, da haɓa, da kumatu, ki ɗaga ta wajen haske. Idan takardar ta ɗauko maiƙo daga ko'ina, fatarki mai maiƙo ce. Idan ba ta ɗauko komai ba, kuma kina jin fuskar ta ɗaure, kin yi murmushi kin ji tana ja, ga ɗan fari-fari a gefen baki, busasshiya ce. Idan goshi da hanci sun jiƙa takarda amma kumatu sun bushe, gauraye ce, kuma masu irin wannan suna da yawa ƙwarai. Wadda ba ta ji ja ba, ba ta ga maiƙon a zo a gani ba, ta yi hamdala, tata daidaitacciya ce. Akwai kuma fata mai saurin fushi, wadda da an sauya sabulu ko turare sai ƙaiƙayi da raɗaɗi da ƙananan ƙuraje. Wannan tana iya haɗuwa da kowace daga cikin sauran.

Maza, da ku ma nake. Kada wani ya ce wannan zancen mata ne, alhali dunduniyarsa na kama zaren tabarma.

Amma fa a yi gwajin nan fiye da sau ɗaya a shekara. A ƙasarmu fata tana bin yanayi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu danshin iska yana faɗuwa ƙasa da kashi 20 cikin 100, har mai maiƙon ma sai ya ga ƙwabrinsa ya yi furu-furu. Maris zuwa Mayu zafi ya haura digiri 40, gumi da maiƙo su haɗu su toshe ƙofofin gashi. Damina kuma ta zo da danshinta. Ga shekaru su ma suna da nasu: saurayi ɗan sha bakwai maiƙo ke damunsa, kakarsa kuwa fatarta ta rage fitar da mai, ita bushewa ce matsalarta. Kwalbar mai ɗaya a kan taga ba za ta yi wa gida duka ba.

(Ɗan kiɗa)

Bari mu daɗe a kan bushewa, don ita ce ta fi addabar mutanen yankin nan. A saman fata akwai wani siririn shinge na matattun ƙwayoyin halitta haɗe da mai, shi ke hana ruwan jiki tsiyayewa, shi ke tare ƙwayoyin cuta. Majema da dukawan Sakkwato, masu aikin fatar jar akuyar nan da ta yi suna har Turai, sun san cewa fatar da aka jeme ba a ba ta mai ba, da an lanƙwasa sai ta dare. Ta jikinmu ma haka take. Abubuwa uku ke wanke wannan mai: ruwa mai zafi sosai, sabulu mai kaifi, da dirza da soso kamar ana faɗa. Duka ukun kuwa da hunturu muka fi yin su. A tafasa ruwa har yana tururi, a ɗauko sabulun wanki ko garin wanki saboda shi ne a kusa, a dirje jiki, sannan a fito iska ba a shafa komai ba sai an gama karin kumallo. Kafin nan ɗan ruwan da fata ta sha ya riga ya tafi.

Gyaran mai sauƙi ne. Ruwa ya zama mai ɗumi kawai, wanka ya zama gajere, a shafa mai tun jiki da ɗan lema, kafin a fito tsakar gida. Man kaɗe na gaske, wanda ba a gauraya da komai ba, yana yin aikin nan sarai, haka ma basilin. Ba sai an nemi kwalba mai rubutun Faransanci ba. Sabulun salo yana da kyau ga mai maiƙo, amma da toka ake yin sa, yana da kaifi, don haka mai busasshiyar fata ta rage shi da hunturu ko ta bar shi a jiki ban da fuska. A tuna kuma da alwala: hannu da fuska da ƙafa suna shan ruwa sau biyar a rana, iska tana busar da su sau biyar. Ɗan ƙaramin gwangwanin mai a aljihu, a murza bayan an idar da salla, yana hana tsagewar bayan hannu.

Sai faso, abokin masu dashen shinkafa da masu jan ruwa a rijiya. Ƙafa ta jiƙe ta kumbura, ta bushe ta ƙanƙance, gobe ma haka, har kaushi ya taru ya dare. Taki ya shiga tsagar, ko ruwan maganin feshi, raɗaɗin sai wanda ya ji. Da dare a jiƙa ƙafa cikin ruwan ɗumi kamar minti goma sha biyar, a goge kaushin a hankali da dutsen goge ƙafa, a tsane har tsakanin yatsu, a cika dunduniya da basilin ko man kaɗe, a sa safa a kwana da ita. Kada a shafa man a tsakanin yatsu, can bushewa ake so, don danshi ne ke kawo cin ruwa. Reza kuwa a bar ta, ba a yanke kaushi da ita. Mai ciwon suga musamman, duk tsagar da ya gani a ƙafarsa ya kai ta asibiti, don irin wannan ƙaramin miki ne ke kai wasu ga rasa ƙafa. Takalmin roba mai tsawo da safar hannu ranar feshi sun fi duk wani mai da za a shafa daga baya.

Masu maiƙo, naku gajere ne. Wanke fuska sau biyu a rana ya isa. Man kaɗe da basilin a bar wa hannu da ƙafa, fuska a ba ta mai marar nauyi. Ƙurajen balaga kada a matse su, don fatarmu baƙa tana saurin barin tabo, ƙurji ya warke cikin mako guda, tabonsa ya yi watanni. Tunda kuma muna ƙasar tafarnuwa, bari in faɗa da babbar murya: ɗanyar tafarnuwa da ake dakawa a ɗaure a kan ƙurji ko makero tana ƙona fata har ta yi bororo. Haka lemon tsami a fuska sannan a shiga rana. Tafarnuwar Wurno a miya ta fi amfani.

(Ɗan kiɗa)

Akwai abubuwan da ba irin fata ba ne, ciwo ne, kuma mai ba ya warkar da su. Ƙyasfi wani naman gwari ne da ke zaune a fatar kowa, sai gumi da maiƙo sun yi yawa yake bunƙasa, shi ya sa lafta masa mai ke ƙara masa ƙarfi. Yana da maganinsa a asibiti, kuma ko ya mutu launin wurin yakan ɗauki watanni kafin ya dawo. Makero a kan yara yana yawo ta aska da injin aski da hula, kuma na kai sai da maganin sha na makonni. Ƙazwa kuwa wani ɗan ƙaramin ƙwaro ne da ke haƙa rami a fata, ƙaiƙayinsa ya fi tsanani da dare. Cunkoso ne abincinsa, don haka ake yawan ganinsa a makarantun allo da wuraren da 'yan gudun hijira suka taru, irin yadda mutanen ƙauyen Tabanni suka cika garin Gandi bayan harin da aka kai musu a 2018. Ba a yi wa mutum ɗaya maganin ƙazwa. Duk masu kwana ɗaki ɗaya za a shafa wa a rana ɗaya, a wanke tufafi da shimfiɗa a shanya a rana. Sannan duk wanda ya ga wani fili a jikinsa ya yi haske, ya taɓa shi da tsinke ko auduga bai ji ba, kada ya ce ƙyasfi ne. Yana iya zama farkon kuturta. Tana warkewa cikin wata shida zuwa shekara, maganinta kyauta ne, kuma asibitin Amanawa da ke kusa da Sakkwato ya daɗe yana wannan aiki.

Yanzu ga maganar da ba a so a ji. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya ce kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da kayan sa hasken fata, kuma a 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin lamarin gaggawa na lafiyar ƙasa. Abin da ke cikin waɗannan mayuka yawanci uku ne. Akwai hydroquinone, wanda in an daɗe ana shafawa yake barin baƙin tabo mai shuɗi-shuɗi a kumatu, mai wuyar fita. Akwai sinadarin makuri, mai lalata ƙoda da jijiyoyi, wanda ke kaiwa ga jariri ta ciki da ta nono. Akwai kuma magungunan sitiroyid irin su clobetasol, waɗanda likita ke bayarwa na ɗan lokaci don ciwo, amma ake matse tib uku huɗu cikin kwalbar mai a kira shi haɗi. Su ne ke sirantar da fata har jijiyoyi su fito kore-kore, nanƙarwa ta yi faɗi, ɗinki ya ƙi kamawa bayan tiyatar haihuwa. Hajiya, kwalbar da ba ta da suna, ba ta da lambar NAFDAC, wadda aka ce miki "na gida ne, ba kemikal", ita ce ta fi cancanta ki ji tsoro. Abin da ya fi ciwo shi ne iyayen da ke shafa wa jarirai. Ni dai a ganina laifin bai tsaya kan mata ba. Muddin samari da iyayen ango suna auna amarya da haskenta, mai haɗi ba zai rasa ciniki ba. Wadda ta daɗe tana shafa irin mai sitiroyid ta nemi likita ya janye mata shi sannu a hankali, domin dainawa dare ɗaya kan tayar da ƙuraje da raɗaɗin da ke mayar da mutum ga kwalbar.

Baƙin da ake ƙoƙarin gogewa sinadari ne da ake kira melanin, shi ke tare wa fata kaifin rana. 'Yan'uwanmu zabiya sun fi kowa sanin darajarsa, don su an haife su da ƙarancinsa, kuma kansar fata ita ce babbar barazanarsu. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware musu ranar 13 ga Yunin kowace shekara. Yaron da yake zabiya a Rabah ko Shinaka yana buƙatar malafa mai faɗi, riga mai dogon hannu, da man kariyar rana mai lamba 50. Aikin gona ko kiwo a ba shi na safe da na yamma. Duk wani miki ko ɓawo da ya yi makonni a fuska ko kunne ko wuyansa bai warke ba, a wuce da shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato tun yana ƙarami.

Nan muka kawo ƙarshen shirin na yau.

(Kiɗan rufe shiri)