INGARMAN DA BA WANDA YA TAYA



Ranar sukuwar salla, idon kowa yana kan doki mai tsawo da ƙiba. In za a kai goɗiya barbara, shi ake nema. To, ku ji labarin wani doki, ku auna da kanku.

An haife shi a ƙasar Kanada a shekara ta 1961. Sunansa Northern Dancer, wato mai rawan Arewa. Gajere ne, ko da ya girma tsawonsa a kafaɗa wajen mita 1 da santimita 55 ne. Yana da shekara 1 aka kai shi kasuwa, aka sa masa kuɗi dala 25.000, dalar can ba tamu ba. Masu saye suka dube shi suka wuce. Mai shi ya koma da abinsa gida.

Da ya shiga tsere sai labari ya sake. Ya yi tsere 18, ya zo na ɗaya a 14. A 1964 ya ci babban tseren Kentaki na Amurka, ya yi kilomita 2 cikin minti 2 daidai. Kafin shi ba dokin da ya taɓa yin haka a tseren nan. A wannan shekara jijiyar ƙafarsa ta gaba ta samu rauni, aka aje shi don barbara.

Nan ne ya yi babban aikinsa. Ya ba da ƴaƴa 645, cikinsu 147 sun ci manyan tsere. Ɗansa Nijinski ya cinye manyan tsere 3 na Ingila a 1970. Ya mutu a 1990, yana da shekara 29, amma har yau jininsa yana cikin dawakin tsere masu ɗimbin yawa.

Yaya aka san duk wannan? Da rubutu. Tun 1791 ake rubuta asalin irin waɗannan dawaki a Ingila. Mu kuwa da ka muke riƙewa. In tsoho ya rasu, asalin doki ya bi shi.

Ku da kuka yi yaƙi da jahilci, ga aikinku:

1. Kafin ku kai goɗiya, ku tambayi abin da ingarman ya yi. Ku je ku ga ƴaƴansa: ƙafafu, kofato, numfashi bayan gudu, da hali.

2. Ku dubi goɗiyar ita ma. Rabin jinin duƙushi nata ne.

3. Ku rubuta a littafi: sunan uba, sunan uwa, ranar barbara, ranar haihuwa. Cikin goɗiya wata 11 ne. Mai rubutu ya san lokacin da zai rage mata aiki, ya tanadi harawa da dussa.

4. Kada ingarma ya hau ɗiyarsa ko uwarsa. Jini in ya yi kusa, aibin da ke ɓoye yana fitowa.

Wannan doka ba ta doki kaɗai ba ce. Haka take ga bijimin Azawak, da bunsurun jar akuyar Maraɗi, da ragon garke. Barbara ɗaya marar kyau hasarar shekara ce, da ta abincin da dabba ta ci. In kuna shakkar lafiyar namiji, ku nemi malamin dabbobi kafin ku biya.

Allah ya ba mu damana mai albarka.