Lita Nawa Albashin Wata Ke Saye? Farashin Fetur Daga 1982 Zuwa 2024

Ɗalibin da ya saba shiga bas daga Samaru zuwa Sabon Gari ba zai rasa jin dattawa suna cewa a da sulai biyu ake sayen litar fetur ba. Gaskiyarsu ce: a 1982, zamanin Shehu Shagari, lita kobo 20 ce. Sai dai wannan adadi shi kaɗai ba ya gaya mana ko fetur na da araha. A ilmin halittu ba ma cewa ɓera ba shi da ci don abincinsa bai cika tafin hannu ba. Mukan auna abin da ya ci da nauyin jikinsa, sai mu tarar ya fi saniya ci nesa ba kusa ba. Haka ya kamata a auna fetur da albashi.

Mu ɗauki albashi mafi ƙanƙanta. Dokar 1981 ta ajiye shi a naira 125 a wata, wato lita 625 a farashin 1982. Bayan shirin SAP na 1986 ya karya darajar naira, albashin ya koma naira 250 a 1991, lita kuma kobo 70. Kuɗi sun ninku a aljihu, amma lita 357 kawai suke saye. A 1994 lita ta kai naira 11, a 1995 kuma hauhawar farashi ta haura kashi 70 cikin ɗari.

Ga wurin da mai karatu zai lura da kyau. A 2000, naira 5,500 a kan naira 22 ta sayi lita 250. A 2011 lita ta kai naira 65, kusan ninki uku, amma albashin naira 18,000 ya sayi lita 277. Ashe farashi na iya tashi alhali ma'aikaci ya ɗan sami sauƙi.

Babban faɗuwa ta zo ne bayan cire tallafi a ranar 29 ga Mayu, 2023. A Yuli lita ta kai naira 617 a gidajen man NNPC na Abuja, albashi yana nan a naira 30,000: lita 49 ke nan. Ƙarin da aka yi zuwa naira 70,000 a 2024 bai kai lita 70 ba a watan Oktoba, lokacin da lita ta wuce naira dubu.

A ganina ma lissafin ya rage wa matsalar nauyi. Farashin hukuma muka ɗauka, ba na 'yan bumburutu ba. Kuma manomin rani da ke zuba fetur a injin ban ruwa a bakin Galma ba ya karɓar albashi. Abin da ya kashe yakan biyo tumatir har kasuwar Sabon Gari.