SINIMA: YIN FILIM DABAN, KAI SHI KASUWA DABAN

Da yawa daga cikinmu in sun ji an ce an kashe kuɗi kaza wajen yin filim, sai su ɗauka lissafi ya cika ke nan. Alhali kuwa wannan jimla ba ta ƙunshi komi ba sai ladan marubuci da ƴan wasa da ma'aikata, da kayan aiki, da ɗaukar hoto da haɗa shi. Ranar da aka gama filim, ranar ce wani sabon kashin kuɗi ke somawa, watau kuɗin talla da na rarrabawa zuwa gidajen sinima.

Bari mu duba Amurka, inda sana'ar ta fi ƙarfi. Kuɗin da za mu ambata dalar Amurka ce, ba dalarmu ta tamma biyar ba. Ƙungiyar manyan kamfanonin filim na ƙasar ta bayyana cewa a shekarar 2007, in an kwatanta, kowane filim nasu ya ci wajen dala miliyan 71 wurin yi, kana ya ci wajen miliyan 36 wurin talla da buga kofi. Ke nan kashi ɗaya cikin uku na dukan abin da aka kashe ya tafi ne bayan an ajiye na'urar ɗaukar hoto.

Wannan hali ya kafu ne tun 1975, lokacin da kamfanin Universal ya fito da filim ɗin Jaws. An yi shi da wajen dala miliyan 9, aka zuba talla a talabijin, aka kuma sake shi a gidajen sinima fiye da 400 rana ɗaya. Da sauran kamfanoni suka ga ribar da aka samu, sai suka bi sawu. Dalili kuwa shi ne, filim ba hatsi ba ne da za a kimshe a rumbu a jira farashi ya hau. In bai ja jama'a cikin makonnin farko ba, mai gidan sinima zai sauke shi ya sa wani.

Wani lokaci ma talla ta kan ninka kuɗin yi sau ɗaruruwa. Filim ɗin The Blair Witch Project na 1999 bai ci dala dubu 100 ba wurin ɗauka, amma kamfanin da ya saye shi ya kashe miliyoyi wajen talla, har ya tara kusan dala miliyan 250 a duniya.

Sai kuma rabon kuɗin tikiti. Mai gidan sinima ya kan riƙe kusan rabi. Cikin abin da ya rage, mai rarrabawa ya cire ladansa, ya cire abin da ya kashe wurin talla, sannan mai filim ya karɓi saura. Misali, in an yi filim da miliyan 100, aka tallata shi da miliyan 50, sai ƴan kallo sun biya fiye da miliyan 300 kafin uwar kuɗi ta dawo daga tikiti kaɗai. Yau na'urar zamani ta rage tsadar buga kofi ƙwarai, amma tsadar talla tana nan.

Afirka ta san wannan darasi tun da daɗewa. Bayan samun mulkin kai, kamfanoni biyu na Faransawa, COMACICO da SECMA, su ke riƙe da rarraba filim da yawancin gidajen sinima a ƙasashen da Faransa ta rena. Tsofaffin finafinan Amurka da Faransa da Indiya, waɗanda suka riga suka mai da kuɗinsu a wani wuri, su suka fi yi musu araha. Ɗan ƙasa ya sha wahala ya yi filim, ya rasa allon da zai nuna shi: kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. A 1972 Umaru Ganda na Nijar ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu da Le Wazzou polygame, amma kyauta ba ta buɗe ƙofar kasuwa.

An yi ƙoƙarin gyara. A 1970 ƙasar da ake kira Burkina Faso yau ta mai da gidajen sinimarta hannun gwamnati. Daga baya ƙasashe da dama suka haɗa kai suka kafa hukumar rarraba filim ta CIDC, wadda Inusa Useini, ɗan Nijar, ya shugabanta, sai dai ba ta wuce tsakiyar shekarun 1980 ba. A taron Yamai na 1982, masu sana'ar suka tabbatar cewa yin filim ba ya ɗorewa sai da gidajen nuni da hanyar rarrabawa masu lafiya.

Saboda haka, ma'aikacin da aka kawo wa takardar neman tallafin filim, ya kamata ya tambayi abu uku kafin ya sa hannu: nawa aka ware domin talla, wa zai rarraba shi, kuma ta wace hanya kuɗin tikiti za su komo. Filim da ba a tanadar masa guzurin tafiya ba, a cikin akwati zai tsufa.