Yadda ake auna kitsen jini da haske

Mutumin da ya tashi daga Tudun Jukun a Zariya ya je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika domin a auna masa kolestarol, 'yar lamba ce a takarda zai koma gida da ita.

Sai dai na'urar da ta fitar da lambar ba ta ganin kolestarol ɗin kansa.

Shi kolestarol wani nau'in kitse ne da jiki ke samar da mafi yawansa, musamman a hanta. Idan ya yi yawa yakan toshe hanyoyin jini, ya jawo bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, kuma ba ya nuna alama tukuna.

A ɗakin gwaje-gwaje, ana zuba wa ruwan jini wasu sinadarai da ke sarrafa kolestarol, su fitar da haidurojin farokzaid, wato ruwan nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi. Gwargwadon yawan kitsen, gwargwadon yawansa.

Hanyar da aka fi amfani da ita, wadda aka wallafa a 1974, tana mai da wannan ruwa launin ja-ja, na'ura ta auna kaurin launin.

Wata hanyar kuma haske take aunawa. Ana sa sinadarin luminol, wanda wani Bajamushe mai suna Albrecht ya bayyana ƙyallinsa a 1928, shi ne kuma masu binciken laifuka ke fesawa su gano sawun jini cikin duhu. Da ya haɗu da farokzaid sai ya ba da shuɗin haske, na'ura ta ƙidaya shi.

Fa'idarta ita ce tana iya gano ɗan ƙanƙanin adadi. Amma kolestarol ba ƙaranci yake yi a jini ba, don haka hanyar launi ta wadatar, ga ta kuma da araha.

Inda mai gwaji ya kamata ya lura shi ne ma'aunin da aka rubuta. Ƙasa da milimol 5.2 a lita ake so, daidai da miligiram 200 a desilita, daga 6.2, wato 240, an shiga haɗari. Wanda ya kwatanta sakamakon wurare biyu bai duba wannan ba, zai tsorata a banza.

Haka kuma bitamin C mai yawa na cinye farokzaid ɗin, ya sa lambar ta sauka, don haka ya kamata mai shansa ya sanar da likita kafin a ɗebi jini.