Kwalejin Williams: ƙaramar makarantar da ke horar da masu tsara tattalin arziki

A garin Williamstown da ke jihar Massachusetts ta Amurka akwai wata kwaleji da ɗalibanta ba su wuce kusan 2,000 ba, amma sunanta ya shiga ma'aikatun kuɗi da manyan bankunan ƙasashe masu tasowa. Kwalejin Williams, wadda aka kafa a 1793, tana cikin makarantun da ke bai wa ɗalibi ilimi mai faɗi kafin ya ƙware a fanni guda. Mai nazarin tattalin arziki a can kan haɗa shi da tarihi, falsafa, lissafi da kimiyyar siyasa.

Dalilin wannan tsari a bayyane yake. Lissafi zai iya nuna nawa gwamnati ke kashewa a kan tallafi, amma ba zai faɗi yadda jama'a za su karɓi cire shi ba. Najeriya ta ga haka bayan sanarwar janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da kuɗin mota da farashin abinci suka tashi.

Kwalejin ta yi suna da wani darasi da ɗalibai biyu kacal ke zama da malami. Ɗaya ya rubuta muƙala, ɗayan ya yi mata suka, mako mai zuwa su yi musaya. Wanda ya saba da haka ba ya jin tsoron kare takardar shawara a gaban babban sakatare.

Abin da ya fi shafar ma'aikacin gwamnati shi ne Cibiyar Nazarin Tattalin Arzikin Ci Gaba da kwalejin ta buɗe a 1960. Tana ɗaukar jami'ai kusan 30 a shekara daga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, akasari waɗanda suka riga suka yi aiki a ma'aikatu ko manyan bankuna, ta ba su digiri na biyu cikin shekara guda. Goh Chok Tong, firaministan Singafo daga 1990 zuwa 2004, ya kammala a can a 1967.

Manufar cibiyar ita ce jami'i ya koma gida da abin da ya koya. Saboda haka mai niyyar nema yana buƙatar ƙarfi a lissafi da ƙididdiga, da amincewar ma'aikatarsa kan hutun ƙaro ilimi. Ita ma ma'aikatar tana da nata nauyin: ta ajiye shi, idan ya dawo, a teburin da ake yanke shawara.