BEDI: MAGANI A GIDA, MAGANI A GONA

Ina so in yi ɗan bayani a kan wani itace wanda duk mai tafiya daga Ƙanƙara zuwa Faskari ko Sabuwa ba zai rasa ganinsa ba, a bakin hanya, ko filin makaranta, ko ƙofar masallaci. Mu Katsinawa bedi muke ce masa. Wasu su ce darbejiya, wasu dogon yaro, wasu kuwa maina.

Da yawa suna zaton ɗan ƙasa ne, alhali kuwa baƙo ne. Asalinsa Indiya da Bama. Turawan mulki suka kai shi Gana, daga can aka kawo shi lardin Barno a 1928, kana ya bazu a Arewa domin ba ya tsoron fari.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne aikinsa a gona. A 1959 wani Bajamushe masanin ƙwari, Heinrich Schmutterer, ya ga fara ta sauka a Sudan ta cinye kowane ɗanyen ganye, amma ta bar bedi. A 1968 masana a Ingila suka ware sinadarin da ke jawo haka, suka sa masa suna azadiraktin. Shi wannan sinadari ba ya kashe ƙwaro nan take kamar maganin kanti. Yana hana shi cin abinci ne, ya kuma hana tsutsa saɓa, watau ta kasa girma har ta mutu. Saboda haka mai gaggawa yakan ce ba ya aiki.

Ga yadda ake haɗa shi. A tsinto 'ya'yan da suka nuna, a wanke, a shanya a inuwa, a daka kamar rabin kilo, a jiƙa cikin ruwa lita 10 ya kwana. Da gari ya waye a tace da ƙyalle. Amma kada a fesa sai da la'asar sakaliya, domin zafin rana yana karya ƙarfinsa, kuma a maimaita bayan mako guda. Yana taimakon tumatir da kuɓewa da kabeji, har da masara idan an tari tsutsar nan da ta shigo Nijeriya a 2016 tun tana ƙarama. Tunkuzar da ta rage bayan an matse mai kuwa taki ce.

Sai ajiyar wake. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu saboda yawan gubar da ake zuba masa. Su sun ƙi, mu kuwa muna ci! Alhali ɗan ƙaramin cokali na man bedi, in an cuɗa shi da kyau cikin tiya guda, yana hana ƙwari yin ɓarna na watanni. Ɗacin yakan ragu in an wanke kafin a dafa.

Ta wajen magani kowa ya san asuwakinsa, da wanka da ruwan ganyensa don ƙuraje, da siracen da iyayenmu mata ke haɗawa. A nan ne nake roƙon a yi hattara. Turawa ma suna da wani tsiro na lambu, kwamfiri, wanda suke yin taki da ganyensa, suna kuma shafawa a targaɗe. Sun daɗe suna shan shayinsa kafin a gane yana lalata hanta, har hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta nemi a janye nau'in da ake sha daga kasuwa a 2001. Haka man bedi: a Indiya da Malesiya likitoci sun ga jarirai sun kamu da amai da jijjiga bayan an ɗura musu shi, wasu har sun rasu. Kada a ba yaro, mai ciki kuma ta ƙaurace wa shansa. Zazzaɓin cizon sauro kuwa a je asibiti a gwada jini, ƙyanda kuma rigakafi ne maganinta.

Mai son dasawa ya sa shi a gefen gona ya tare iska, kamar yadda aka jera shi a kwarin Majiya ta Nijar tun daga 1975. Tsakiyar gona ta gawo ce, shi da ke zubar da ganye da damina ya bar wa dawa rana.